Ingancin Abinci a Gidajen Ƙyanƙyasar Kifin Salmon: Abin da Ya Faru a Jihar New York

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi dangantakar abinci da rayuwar 'ya'yan kifin salmon a gidajen ƙyanƙyasa na Jihar New York ta Amurka. An fi mayar da hankali kan ƙarancin bitamin B1, sannan aka taɓo abin da ya shafi masu kiwon tarwaɗa a ƙasar Hausa.

1.0 Gabatarwa

Mafi yawan salmon da ake sayarwa a birnin New York, har da wanda ke bi ta babbar kasuwar kifi ta Fulton da aka mayar Hunts Point a Bronx a 2005, na kiwo ne daga ƙasashe irin su Norway da Chile da Kanada. Sai dai jihar kanta tana da tsohon tarihi a wannan fanni. A garin Caledonia ne Seth Green ya kafa gidan ƙyanƙyasar kifi a 1864. A 1932 kuma aka fara binciken abincin kifi a Cortland, da haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da ta jiha da Jami'ar Cornell. Kafin wannan lokaci, hanta da saifa na dabbobi su ne babban abincin 'ya'yan kifi, abinci mai tsada da saurin ruɓewa.

2.0 Abin da Ɗan Kifi Ke Buƙata

Ɗan salmon kan fito daga ƙwai ɗauke da jakar ƙwaiduwa a cikinsa, kuma da ita yake rayuwa na 'yan makonni. Idan ta ƙare sai ya taso saman ruwa neman abinci. Salmon kifi ne mai cin nama, don haka abincinsa na farko kan ƙunshi furotin kusan kashi 50 cikin ɗari, galibi daga garin kifi, tare da man kifi. Ba ya iya sarrafa sitaci da yawa, kuma jikinsa ba ya haɗa bitamin C, wanda rashinsa ke karkata ƙashin baya. Man kifi kuwa yana saurin ɓaci idan ya sha zafi da iska. Ke nan buhun da ya fito daga kamfani da inganci na iya zama cuta bayan 'yan watanni a ɗakin ajiya mai zafi.

3.0 Matsalar Bitamin B1

Akwai nau'in yunwar da ba daga buhu take ba, daga uwa ake gadonta. Salmon na asali ya ɓace daga Tafkin Ontario kafin ƙarshen ƙarni na 19, kuma wani ƙaramin kifi mai suna alewife ya cika tafkin. A ƙarshen shekarun 1960 aka fara zuba salmon na yankin Tekun Fasifik, wanda ya sami alewife a matsayin abinci mai yalwa. A farkon shekarun 1980 aka buɗe gidan ƙyanƙyasa na Kogin Salmon a Altmar, inda ake tatsar ƙwai daga manyan kifayen da ke haurowa daga tafkin.

Illar ita ce jikin alewife na ɗauke da wani sinadari, tayaminas, mai wargaza bitamin B1. Uwar da ta ƙoshi da alewife za ta yi ƙiba, a ido lafiya lau, amma ƙwanta ya fito da ƙarancin bitamin ɗin. 'Ya'yan kan ƙyanƙyashe, sannan dab da lokacin fara cin abinci su riƙa juyawa a ruwa kamar masu jiri, su kwanta a gefe, su mutu. An ga haka a salmon na Tafkin Cayuga, kuma sai a shekarun 1990 aka tabbatar cewa ƙarancin B1 ne sanadi, bayan an lura cewa 'ya'yan da aka jiƙa a ruwa mai bitamin ɗin suna farfaɗowa. Daga nan jiƙa ƙwai a ruwan B1 bayan an haɗa shi da maniyyi ya zama aikin yau da kullum. A 2014 cutar ta taɓa har manyan kifaye nau'in steelhead a Kogin Salmon, aka yi wa wasunsu allurar bitamin.

A ganin mai wannan nazari, wannan magani ne na tsakar gida kawai. Kifin da ya yi ƙwai a kogi ba mai jiƙa masa, don haka muddin alewife ne babban abincin tafkin, haihuwar daji za ta ci gaba da fuskantar cikas.

4.0 Abin da Ya Shafi Ƙasar Hausa

Salmon kifin ruwan sanyi ne, ba zai rayu a Tiga ko Bagauda ba. Amma masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a Kano da Zariya na iya cin karo da makamanciyar matsala. Wasu kifayen ruwan daɗi ma na ɗauke da tayaminas, don haka ciyar da iyayen kifi da ɗanyen tarkacen kifi na da haɗari. Dafawa kuwa na kashe sinadarin. Idan 'ya'ya suka yi ta mutuwa a kwanakin farko, ruwa ko magani aka fi zargi, ba safai ake tambayar abin da uwa ta ci ba.

Na biyu shi ne funfuna. A wajajen 1960 ciwon dajin hanta ya ɓarke a gidajen kiwon kifin tirawut na Amurka, aka kuma gano tushensa a gubar afalatoksin da ke cikin garin angurya. Wannan gubar ce ke kama gyaɗa da masara idan an ajiye su da laima. Manomin da ke haɗa abinci da tunkuza da masara a damina ya kamata ya sayi abin da zai ƙare cikin 'yan makonni, ya ɗora buhuna a kan katako nesa da bango, kuma ya zubar da duk wanda ya dunƙule ko ya canza wari.