Matan da suka fara leƙa sama: daga masaƙar auduga zuwa kumbo

A shirinmu na makon jiya wata baiwar Allah mai sayar da nono da cuku a Djougou ta bugo waya tana tambaya: wai da gaske ne mace ta taɓa shiga kumbo ta kewaye duniya? Da gaske ne, Inna. Ga taƙaitaccen abin da muka faɗa, don waɗanda suke ruga ko kan hanya lokacin.

Mace ta farko ita ce Valentina Tereshkova, 'yar Tarayyar Sobiyet. Ba 'yar masu kuɗi ba ce. Mahaifinta direban tarakta ne, ya rasu a yaƙi tana ƙarama. Ita da mahaifiyarta a masaƙar auduga suke aiki a garin Yaroslavl, ta kuma ƙarasa karatunta ta hanyar wasiƙa. A ranakun hutu tana koyon dirowa daga jirgi da lema. Wannan ne ya buɗe mata ƙofa, domin kumbon Vostok ba ya sauka da mutum a ciki: in ya kusa ƙasa, matuƙi ne ke ficewa ya sauko da lema. Cikin mata sama da 400 aka zaɓi biyar, cikin biyar aka tura ta.

Ranar 16 ga Yuni, 1963, tana da shekara 26, ta tashi ita kaɗai. Ta kewaye duniya sau 48 cikin kwana kusan uku. Ku kwatanta: kewaye ɗaya wajen awa ɗaya da rabi ne, wato kafin motar haya ta kai ka Djougou daga Parakou, ita ta zagaye duniya kakaf.

To, Amurka fa? Nan ne labarin ya zo kusa da gida. A farkon shekarun 1960 hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano. Da John Glenn ya kewaye duniya ranar 20 ga Fabrairu, 1962, Kano na cikin tashoshin da ke sauraronsa. Kafin ya tashi kuwa, sai da ya nemi wata mace baƙar fata, Katherine Johnson, ta sake bin lissafin da kwamfuta ta yi. Sai da lissafinta ya zo daidai hankalinsa ya kwanta.

Duk da haka mata ba su samu kujera ba. A 1960 da 1961 mata matuƙa jirgi 13 sun ci irin gwajin lafiyar da aka yi wa maza. Amma sharaɗin shi ne sai wanda ya tuƙa jiragen yaƙi na gwaji, sojan Amurka kuma ba ya barin mace ta tuƙa su. Ka ga an rufe ƙofa tun daga zaure. Sai 1983 Sally Ride ta tashi, shekara 20 bayan Valentina. Ita ma Sobiyet sai da ta yi shekara 19 kafin ta sake tura mace, Svetlana Savitskaya, a 1982. Ɗaya daga cikin matan nan 13, Wally Funk, ba ta leƙa sama ba sai 2021, tana da shekara 82. A 1992 Mae Jemison ta zama baƙar mace ta farko da ta je. Kafin nan likita ce a Saliyo da Laberiya.

Me ya shafe mu? Duk cikin labarin nan ba rashin ƙwaƙwalwa ko rashin ƙarfi ne ya tsayar da matan ba. Sharaɗi ne da mutane suka gindaya. Yarinyar da ke juya naira zuwa sefa a kanta ba tare da biro ba, wadda ke riƙe bashin masu nono goma ba ta manta ko dala, tana da kan lissafi. In aka cire ta daga lakwal tun tana aji uku saboda talla, mu ne muka kafa mata sharaɗin. Ba mu ce kowace yarinya za ta hau kumbo ba, amma ungozomar asibiti, likitar dabbobi da ma'aikaciyar duwan duk ta aji suke bi.

Iyaye, a yi shawara a gida kafin a koma makaranta. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah Ya kai mu.