Kafin Ka Soka Tsinke A Ramin Riset, Ka San Mene Ne PPPoE

Intanet ya ɗauke, fitilar DSL a jikin rauta tana ci kore shar, amma wadda aka rubuta wa intanet ta koma ja. Me yawancinmu ke yi? Sai a nemo tsinke a soka a ɗan ramin riset da ke baya. To a nan fa ake gudun gara a faɗa gidan zago, domin sau da yawa riset kan goge sunan shiga da kalmar sirrin da kamfani ya saka maka.

Fitilun nan biyu ba labari ɗaya suke bayarwa ba. DSL fasaha ce ta ɗora intanet a kan wayar tagulla ta tarho. A ofishin kamfani akwai na'urar da ake kira DSLAM, wadda ke tattara layukan gidaje masu yawa. Idan fitilar DSL ta tsaya cak, ma'anarta kawai rautarka da DSLAM sun ji juna. An shimfiɗa titi ne, amma ba a buɗe maka ƙofa ba tukuna.

Buɗe ƙofar aikin PPPoE ne, tsarin da aka wallafa a 1999. Kamar sallama ce mai matakai huɗu. Rauta ta yi kira, "Akwai kowa?" Babbar na'urar kamfani mai suna BRAS ta amsa, "Ga ni." Rauta ta nemi shiga, sai a ba ta lambar zama tata ita kaɗai. Daga nan a duba suna da kalmar sirri, sannan a ba ka adireshin IP. Ta wannan hanya ce kamfani ke sanin waye kai, da kuma ko kuɗinka ya ƙare.

Masu saita layi kan lura da wasu lambobi. A layin ADSL akwai VPI da VCI, misali 8/35 ko 0/35, kowane kamfani da nasa. A VDSL kuwa lambar VLAN ake sakawa. Deutsche Telekom na Jamus yana amfani da 7. Sai MTU, wato girman ƙunshin data: a ka'ida bayit 1500 ne, amma PPPoE na cin takwas, saura 1492. Idan aka saka ba daidai ba, sai ka ga saƙo yana tafiya amma wani shafin ya tsaya yana ta juyi.

Wani zai ce, mu ina ruwanmu, ai da datar waya muke hawa TikTok? Gaskiya ne, layukan NITEL sun durƙushe, DSL bai samu gindin zama a Najeriya ba. Amma PPPoE bai mutu ba. Kamfanonin faiba da dama da masu raba intanet a unguwanni da rautocin MikroTik har gobe da shi suke aiki. Matashin da ya iya saita shi ya samu sana'ar hannu.

Don haka in sabis ya ɗauke, ka fara da kashewa ka kunna, wannan ba ya goge komai. Ka duba ko kuɗinka ne ya ƙare. Tun yau kuma ka nemi sunan shigarka da kalmar sirri daga kamfani, ka rubuta a takarda ka adana. Tsinke shi ne na ƙarshe.