Gyaran Ƙafar Gaban Tsohuwar Mota da Daidaita Tayoyinta

Duk wanda ya saba bin hanyar Maiduguri zuwa Damaturu, ko ta Dikwa, ko ta Bama, da wuya a ce bai taɓa ganin mota ta durƙusa a gefen hanya ba, tayar gaba ɗaya ta shige ƙarƙashinta, kamar raƙumin da za a sauke wa kaya. In ka tambaya, sai a ce maka ƙafa ce ta cire. Wani lokaci abin yakan faru motar na tafiya a hankali, a yi asarar kuɗi da wuni guda. Wani lokaci kuwa yakan faru tana cikin gudu, cike da fasinjoji, sa'an nan direba ba shi da sauran iko da sitiyari. Irin wannan haɗari ba ya zuwa kwatsam. Mota takan yi watanni tana ba da sanarwa, sai dai mai ita bai gane ba, ko ya gane ya ce sai an samu kuɗi. An rubuta wannan bayani ne domin masu tsofaffin motoci da direbobin haya su san abin da ke ƙarƙashinsu, su kuma iya sa ido idan sun kai gyara.

Abin da ake nufi da ƙafar mota

Makanikanmu sun yi dabara da suka kira wannan sashe ƙafa, domin sunan ya fi na Turawa bayyana aikinsa. Ƙafar mota ita ce dukan ƙarafa da robobin da suka haɗa taya da gangar jikin mota. Akwai sifirin mai ɗaukar nauyi. Akwai shokazoba, wadda ke hana sifirin ci gaba da tsalle bayan an wuce rami. Akwai hannun ƙasa, wanda makanikai ke kira lowa-am, ɗaya gefensa na maƙale da jikin mota ta cikin robobin da ake kira bushin, ɗaya gefen kuma na riƙe da mazaunin taya ta hanyar boljoyin. Shi boljoyin dunƙulen ƙarfe ne da ke juyawa cikin kwarmi, kamar yadda kan ƙashin cinya ke juyawa a ƙugun mutum, an cika shi da giris an rufe da 'yar hular roba. Sa'an nan akwai tayarod, sandar da ke kai umarnin sitiyari ga taya, ita ma da ƙaramin dunƙule a bakinta.

Peugeot 504, wadda muka fi sani da Fijo, da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, tana da ƙirar da ta haɗa sifirin da shokazoba a sanda guda a tsaye. Wani injiniya Ba'amurke, Earle MacPherson, shi ya fito da wannan ƙira a ƙarshen shekarun 1940, kuma ita ce a gaban Golf da yawancin ƙananan motocin da ake shigo da su na hannu. Saboda haka bayanin da ke tafe ya shafi mafi yawan motocin da ke lodi a tashoshinmu.

Ƙasar Borno ba ta raga wa waɗannan sassa. A watannin Afrilu da Mayu zafin Maiduguri yakan haura digiri 40, roba ta bushe ta tsattsage. Da zarar hular boljoyin ta yage, giris ya fita, yashi da ƙurar hunturu su shiga, su riƙa cin ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa. Wajen Dikwa da Gamboru akwai baƙar ƙasar nan da ake kira firgi, mai kumbura da damina ta dare da rani, wadda ke karya kwalta daga ƙasa. Rikicin da ya taso tun 2009 kuma ya sa wasu hanyoyi sun daɗe ba su ga gyara ba. Har wa yau, motocin da suka kwana cikin ruwa a ambaliyar ranar 10 ga Satumba 2024, sa'ad da madatsar Alau ta ɓalle, da yawa an wanke musu inji an canja mai, amma ba a tuna da laka da tsatsar da suka shiga gaɓoɓin ƙafa ba. Mai irin wannan mota, in bai sa an duba ba, lalle ya sa a duba.

Yadda za ka gane

Kunne shi ne na farko. Ƙarar ƙwas-ƙwas daga gaba idan an shiga gargada ko an hau tudun rage gudu, alama ce ta bushin ko boljoyin da ya saki. Na biyu hannu: sitiyari ya yi wasa, ka juya shi kaɗan taya ba ta amsa ba, ko mota ta riƙa ja gefe guda a miƙaƙƙiyar hanya, ko ta riƙa yawo sai kana ta gyara ta.

Amma babban mai ba da shaida shi ne taya, domin ita ba ta ɓoye kome. In gefe ɗaya kaɗai ya cinye, na ciki ko na waje, tsayuwar tayar ta karkace. In ka shafa tafin hannunka a kan zanenta ka ji santsi ta wannan gefe, kaifi kamar haƙoran zarto ta wancan, bakin tayoyin bai daidaita ba. In ta cinye rami-rami a kewaye, a tuhumi shokazoba. In gefuna biyu suka cinye tsakiya na nan, wannan ƙarancin iska ne, in kuwa tsakiya ce ta cinye, iska ta yi yawa; waɗannan biyun aikin mai faci ne, kada a sa ka sayi ƙarfe a kansu.

Akwai gwajin da kowa zai iya tsayawa a yi a gabansa. A ɗaga gaban motar, a kama taya sama da ƙasa a girgiza. In ta yi motsi, boljoyin ne ko boris. A sake kama ta dama da hagu a girgiza. Motsi a nan yawanci na tayarod ne. A sauke motar, a danna kusurwarta da ƙarfi a saki. In ta tashi ta tsaya, shokazoba na da sauran rai. In ta ci gaba da lilo, ko aka ga mai na tsiyaya a jikinta, ta gama aiki.

Wajen canja kaya

Kafin kome, kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Garejojinmu da yawa a kan yashi suke, jak kuwa yakan nitse ko ya goce. A shimfiɗa katako mai kauri, a tokare motar da abin tokara na ƙarfe, a sa waigi a tayoyin baya. Haka nan sifirin da ke naɗe a kan shokazoba a matse yake da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fasa fuska. Akwai ƙarfen matse shi na musamman. Ɗaure shi da waya ko igiya ganganci ne.

Kayan ƙafa bibbiyu ake canja su. In shokazobar dama ta mutu, ta hagu sa'arta ce, hanya ɗaya suka bi. Sabuwa a gefe guda da tsohuwa a ɗaya gefen sukan sa mota ta karkata idan an taka birki. Nan ne masu mota suka fi yin gardama, kuma ba a rasa dalili, domin kuɗi ba ya isa. To, in dole sai an zaɓa, a fara da boljoyin da tayarod. Shokazoba da ta gaji tana cin taya tana wahal da direba, amma boljoyin da ya cire yana kayar da mota nan take.

Akwai wata al'ada da ya kamata a daina. Wasu sukan ɗauki boljoyin da ya saki su bubbuge kwarminsa da guduma, ko su cusa masa guntun roba, har ya yi tauri a mayar. Ƙarar takan ɗauke na 'yan makonni, mai mota ya yi murna, alhali dunƙulen da ya riga ya cinye yana nan yadda yake. Haka kuma hannun ƙasa ko tayarod da ya lanƙwashe, ba a gasa shi da wuta a miƙe, ba a yi masa walda, domin wuta tana kashe ƙarfin ƙarfen. Game da kayan hannu da ake cirowa daga motocin waje, ba duka ne marasa kyau ba, wani ma ya fi sabon jabu. Sai dai a duba hular robar ba ta yage ba, dunƙulen kuma yana juyawa da ɗan tauri, ba ya kwance.

Abu biyu ƙanana sukan bambanta ƙwararre da mai koyo. Na ɗaya, idan zai cire bakin tayarod yakan ƙirga sau nawa ya juya shi, ya mayar da sabon daidai wannan ƙirga, domin mota ta iya isa wurin awo ba tare da ta ci taya ba. Na biyu, ba ya ƙarasa ɗaure notin bushin sai an sauke mota nauyinta ya hau kan tayoyi. In aka ɗaure tana rataye, robar takan murɗe da zarar an sauke ta, ta yage kafin lokacinta. Notin da ke da fil kuwa, a sa masa sabon fil. Ƙusa ko guntuwar waya ba sa maye gurbinsa.

Awon tayoyi

Bayan an canja kaya sai a yi abin da makanikai ke kira alaimen, watau daidaita tsayuwar tayoyi. Yin sa kafin canja kayan da suka saki zubar da kuɗi ne, domin awon ba zai zauna ba.

Kusurwa uku ake dubawa. Akwai jinginar taya, ko samanta ya karkata ciki ko waje idan an dube ta daga gaba. Akwai kwanciyar sandar da taya ke juyawa a kanta, wadda ke sa sitiyari ya komo da kansa bayan an sha kwana, kamar yadda cokalin gaban keke ya ɗan kwanta baya. Sa'an nan akwai bakin tayoyi, ko sun ɗan dubi juna ko sun ba juna baya. A yawancin tsofaffin motoci masu ƙirar MacPherson, wannan na ukun ne kaɗai ake iya gyarawa, ta hanyar ƙara ko rage tsawon tayarod. In sauran biyun suka fita daga awo, to wani ƙarfe ne ya lanƙwashe, sai a nemo shi.

Kada a raina ƙanƙantar awon. A ce tsayin taya santimita 60 ne, kuma tazarar da ke tsakanin tayoyin biyu ta gaba ta saɓa wa ta baya da milimita 3 fiye da ƙa'ida. Wannan kashi ɗaya ne cikin 200. Ma'anarsa ita ce, a kowace kilomita guda ana jan tayoyin a kaikaice har mita 5 tsakaninsu. Daga Maiduguri zuwa Damaturu, kimanin kilomita 130, an goga su a kan kwalta fiye da mita 600. Direban da ke wannan hanya kullum zai ga sabuwar taya ta yi sanƙo a gefe, ga kuma ƙarin shan mai.

Inda akwai na'urar awo, ita ta fi. Inda babu, ana iya yi da zare da ma'auni, muddin an bi sharuɗɗa: fili ya zama shimfiɗaɗɗe mai tauri, iskar tayoyi daidai, babu lodi, sitiyari a tsakiya, a kuma tura motar gaba kaɗan kafin awo domin ƙafa ta zauna. A raba gyaran tsakanin tayarod na dama da na hagu, in ba haka ba mota za ta miƙe amma sitiyari ya karkace. Adadin da ya dace ya bambanta daga mota zuwa mota, kuma yana cikin littafin kamfanin da ya ƙera ta.

Mutane sukan rikita wannan aiki da balansin. In sitiyari yana rawa a hannu sa'ad da gudu ya kai wajen kilomita 80 zuwa 100 a awa, yawanci nauyin taya ne bai daidaita ba, maganinsa ƙananan darma da ake maƙala wa wili.

Jami'an Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, da jami'an duba motoci na jihohi suna duba tayoyi a hanya, kuma tayar da zurfin zanenta ya gaza milimita 1.6 ta gama aiki, ko da gefe ɗaya ne ya kai haka. Saboda haka wadda ta riga ta cinye a karkace, awo ba zai dawo da ita ba, a canja ta. Bayan gyara, a yi 'yan kwanaki ana tafiya, sa'an nan a koma gareji a sake bin notocin da sufana, a kuma shafa hannu a kan zanen sababbin tayoyin a ji ko kaifin nan ya fara dawowa.