Katin Asibiti Ya Ɓace: Ina Makomar Majinyacin Bakin Iyaka?

Duk wanda ya san ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi ya san cewa iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Benin ba ta raba zumunci ba. Mutanen Lolo, Illo da Tsamiya suna cin kasuwa da auratayya da na Malanville da Segbana. Haka nan ake ƙetarawa neman magani. To, a nan gizo ke saƙar.

Mace mai juna biyu za ta yi awo a tsallake, a rubuta mata kati da Faransanci. Ran da naƙuda ta zo da gardama sai a kawo ta asibitin wannan gefe, katin kuwa ko an mance shi a gida, ko ba mai iya karanta shi. Likita bai san rukunin jininta ba, bai san ko tana da hawan jini ba, bai san maganin da jikinta ba ya karɓa ba. Dole a sake gwaji, a sake biyan kuɗi, lokaci kuma yana ƙurewa. Haka abin yake ga mai tarin fuka, wanda tilas ya sha magani wata 6 ba fashi, da makiyayin da yau yana nan gobe yana can.

Wannan ne ya sa masana ke kira da a riƙa adana tarihin majinyaci a kwamfuta. Amfaninsa ba zancen fatar baki ba ne. Wani bincike da aka buga a 1998 a wani babban asibitin Boston ta Amurka ya nuna cewa rubuta magani ta kwamfuta ya rage munanan kurakuran magani da kashi 55 cikin 100. A Afirka ma an gwada: tsarin OpenMRS, wanda aka soma a 2004, ya samo tushe daga aikin kula da masu ƙanjamau a Eldoret ta Kenya.

Sai dai kwamfuta ba ta aiki da baka. Tana son wutar lantarki, da intanet, da ma'aikacin da aka horar. In aka shigar da kuskure, kuskure za ta maimaita. Bugu da ƙari, sirrin majinyaci amana ne: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 da Dokar Kare Bayanai ta 2023 sun wajabta kiyaye shi. Kuma ko asibitocinmu sun samu na'ura, sai hukumomin ƙasashen biyu sun daidaita kafin bayani ya ƙetare iyaka.

Kafin ranar, mai karatu, ba a fafe gora ranar tafiya. Ka adana katin iyalinka a leda, ka ɗauki hotonsa a waya, ka tambayi likita sunan cutarka da na maganinka. Wata rana shi zai yi maka magana sa'ad da bakinka ya kasa.