Jan Tirelar Yara da Keke Mai Batir a Ƙasar Jamus

Duk wanda Allah ya nufa da kwana a ɗaya daga cikin biranen Jamus, ya kuma fito da sassafe a daidai lokacin da ake kai ƙananan yara gidajen reno, lalle idonsa zai faɗa kan wata al'ada da mutanen can suka daina mamakinta: uwa ko uba bisa keke, a baya kuma wata 'yar tirela mai ƙafa biyu, an rufe ta da tamfol da raga, an kafa mata doguwar sanda mai tuta, ga yaro ɗaya ko biyu a ciki, a zaune, an ɗaure su da bel. Tirelar kanta ta daɗe, domin kamfanin Cannondale na Amurka ya fara sayar da irinta tun 1971, kamfanin Burley kuma, wanda aka kafa a jihar Oregon a 1978, da ita ya yi suna. Abin da ya zo daga baya shi ne keke mai batir, kuma haɗuwar waɗannan biyu ita ce mas'alar da ta cancanci a tsaya a kanta da natsuwa.

Keken da ake nufi a nan, bisa ƙa'idar Tarayyar Turai, shi ne wanda ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, wanda ba ya taimakon mahayi sai yana taka feda, wanda kuma yake janye taimakonsa da zarar gudu ya kai kilomita 25 a awa. Irin wannan hukuncinsa hukuncin keke ne, saboda haka dokar hanya ta Jamus ta halatta a ja yara da shi, da sharaɗin kada su wuce biyu, kada shekarunsu su kai bakwai, sai fa yaro mai naƙasa wanda aka yi wa rangwame, mai tuƙin kuma ya kasance ya cika shekara 16. Amma akwai wani nau'i mai kaiwa kilomita 45 a awa, wanda hukuma ta lissafa cikin ƙananan babura, shi kam an haramta ɗaura masa tirelar yara, kuma a ganina wannan hani hikima ce tsantsa.

Dalili kuwa shi ne, injin yana taimako wajen ja, amma ba shi da wani taimako wajen tsayawa. Mai keke na gargajiya, idan ya ɗaura kaya a baya, cinyoyinsa ne ke yi masa wa'azi a kowane taki, har ya rage gudu ba da shawararsa ba. Mai batir kuwa an ɗauke masa wannan wahala, tare da ita kuma an ɗauke masa gargaɗin da ke cikinta, sai ya wayi gari yana sheƙa gudu da nauyin da ya manta yana bayansa. A ƙaddara keken ya kai kilo 25, mahayi 75, tirela 15, yara biyu da jakunkunansu 35: jimla kilo 150 ke nan, kuma dukkansu birki biyu na keken ne za su tsayar da su, tun da galibin tirelolin ba su da birkin da ke aiki a cikin tafiya. Masana hisabi sun tabbatar da cewa ƙarfin da abu mai gudu ke ɗauke da shi yana ninkuwa huɗu idan gudun ya ninku biyu, don haka wanda ya tashi daga kilomita 15 zuwa 25 ya ɗora wa birkinsa aiki kusan ninki uku, alhali shi a jikinsa bai ji wani bambanci ba. Wanda ya taɓa ganin amalanke mai lodi tana tura jaki a gangara ya fahimci sauran bayanin. Wannan ne ya sa masu gyaran keke ke fifita birkin faifai mai aiki da mai, su kuma masu ƙera tirela suke kafa haddin gudu a wajen kilomita 25, tare da umarnin a sassauta ƙwarai a kan kwana, inda ƙafa ɗaya kan iya hawa dakalin titi ta kifar da tirelar.

Bayan birki, abin da ya fi muhimmanci shi ne mahaɗa. Sandar tirela tana kama keke ne a gefen hagu, a jikin ƙarfen da tayar baya ke juyawa a kansa, kuma an yi mahaɗar da gaɓa mai lanƙwasa domin ko keken ya faɗi, tirelar ta tsaya bisa ƙafafunta. Sai dai wannan ƙarfe ba iri ɗaya ba ne a kowane keke: wani siriri ne mai maɗauri, wani mai kauri ne da ake murɗawa cikin jikin keken, wanda yake bukatar a sauya shi da mai tsawo da zare daidai, keken da injinsa ke cikin cibiyar taya kuwa nasa ƙarfen yana da noti, sau da yawa har da wayar lantarki a kusa. Ba wurin ƙiyasi da dabarar kai ba ne. Wajibi ne a duba ko maƙerin keken ya yarda a ja tirela da shi, da iyakar nauyin da ya ƙayyade, sannan a riƙa zarga igiyar kariya a jikin keken kullum, ita ce madogara idan mahaɗa ta ci amana.

Game da inji, wanda aka dasa a tsakiya wajen feda, irin na Bosch ko Shimano, ya fi dacewa da tudu saboda yana amfana da giya. Na cikin taya yakan yi zafi a doguwar hawa. Batir kuma zai ƙare da wuri fiye da yadda aka saba, ya kamata a sa wannan cikin lissafin tafiya.

Saura shi ɗan fasinjan, wanda ba a shawarce shi ba, amana ce kuma a wuyan mai tuƙi. Yana zaune ƙasa-ƙasa, dab da bayan taya, inda tsakuwa da ruwan kwalta ke fantsama, saboda haka ragar gaba a rufe take zama. Bel mai maɗauri biyar da hular kwano kuwa ba a wasa da su, idan kuma shi kaɗai ne a tirela mai kujera biyu, sai a zaunar da shi inda littafin tirelar ya nuna don kada nauyi ya karkata. A kan jarirai an sami saɓani: ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta yi nasiha kada a ɗauki wanda bai cika shekara ɗaya ba, saboda raunin wuyansa, alhali a Jamus ana sayar da wata shimfiɗa mai lilo da ake rataya jariri a ciki. Ni dai na fi karkata ga ra'ayi na farko idan keken mai batir ne, domin girgizar hanya tana ƙaruwa da gudu, jariri kuma ba shi da bakin da zai kai ƙara.

Tirela mai kujera biyu ta fi kafaɗun mahayi faɗi, ga shi direban mota ba ya hango ta da sauƙi, shi ya sa tuta da fitilar baya suke da daraja, musamman a gajerun ranakun hunturu. Masu sayar da ita kan shawarci sabon shiga ya fara loda mata buhunan yashi daidai nauyin 'ya'yansa, ya tafi fili ya gwada kwana da taka birki da wucewa tsakanin turaku biyu, injin yana kan mafi ƙarancin taimako, kafin ya saka yaro a ciki.