Me Ke Tafasa Lagireto a Bazarar Damagaram?

Duk mai bin hanyar Zinder zuwa Tanut a watan Afrilu ya saba ganin mota a gefen kwalta, bonet a ɗage, tururi na tashi, yaron mota na juye jarka. A tasha da gareji kuwa, kowa da nasa bayani.

Masu ɗora wa bazara laifi sun faɗi gaskiya. Lagireto ba ya ƙera sanyi. Zafin ruwa yake miƙa wa iska, kuma yawan abin da zai miƙa ya danganta da tazarar da ke tsakanin zafin su biyun. Ruwan inji na aiki a wajen digiri 90. Da asubar hunturu iskar Damagaram kan sauka zuwa 15, tazara 75 ke nan. Da azahar ɗin bazara takan kai 42, sai tazara ta koma 48. Lagireto bai canja ba, fanka na juyawa, amma kusan sulusin ƙarfinsa ya tafi. Ƙurar da ta toshe haƙarƙarinsa da ƙanzon ruwan rijiya a bututunsa su cinye saura.

Da wannan lissafi injiniyoyi ke aiki a matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe arewa da birnin Zinder a 2011. A matatun mai, man da ya fito da zafi ne ke ɗumama ɗanyen da ke shiga, kuma akan sa su gudana suna fuskantar juna domin tazarar ta ɗore daga wannan baki zuwa wancan.

Inda magana ta karkace shi ne batun tamostat. Makanikai da dama na cewa kayan ƙasar sanyi ne, a cire a huta. Alhali da inji ya ɗau zafi, wannan bawul a buɗe yake wangam, bai tare komai ba. Cire shi ba ya ƙara wa lagireto ƙarfi da rana. Da safe ne ake biyan kuɗin: inji ya daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci jikinsa.

Mafi haɗari ita ce shawarar sassauta murfi wai don ruwa ya sha iska. Matsin murfin ne ke riƙe ruwan har wajen digiri 120 bai tafasa ba. Ana kwance shi da zafi, ruwan ya tafasa nan take, ya yi tsiri, kuma hannu da fuskar yaron mota ne a gabansa.