Majigin gida: Tsohon CRT ko na dijital, wanne ya dace da mai saye a Bagudo?

A Bagudo, inda iyakar Benin ke kusa ta Tsamiya da Lolo, kayan lantarki 'yan Kwatano ba baƙi ba ne. Magidancin da ke son kallon ƙwallo ko fim a bangon falonsa zai iya cin karo da tsohon majigin CRT mai araha, ya yi zaton tsuntsu daga sama gasasshe ne.

Majigin CRT yana da idanu uku, ja da kore da shuɗi, waɗanda sai gwani ya daidaita su kafin hoto ya fito sarai. Launinsa na da kyau a ɗaki mai duhu, amma yana da nauyi, haskensa kaɗan ne, yawancinsa ba shi da mashigar HDMI da dikodar zamani ke buƙata. An daina ƙera shi, saboda haka kayan gyaransa sun yi wuya.

Na dijital, wato LCD ko DLP, ya fi sauƙin ɗauka da haske, sai dai ƙwansa na ƙarewa bayan awa 2,000 zuwa 5,000, kuma ɗaukewar wuta bagatatan na rage masa kwana. Mai fitilar LED kan kai awa 20,000, bai kuma cika shan wuta ba, abin da ya dace da mai sola.

Kafin biyan kuɗi, a kunna majigin, a duba adadin awannin da ƙwan ya yi aiki, a tambayi farashin sabonsa. Lokacin hunturu kuma a riƙa share matatar iskarsa, domin ƙura na sa shi zafi.